Kar Ka Cire Na Bakwai

Daga Mai Agogo zuwa ga Malama

Taubashiyata, baiwar gidanmu,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da mahaifiyarki Gwaggo da ɗalibanki masu kunnen ƙashi. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Maiɗakina tana gaishe ki, ta ce har yau tana jiran ziyarar da kika yi mata alkawari tun babban ɗanmu yana rarrafe, ga shi yanzu furfura ta fara leƙo masa.

Labarin jiki kuwa, idanu sun yi mini tawaye. Likita ya ce yana ce take rufe su a hankali. Shekara talatin da takwas ina leƙa cikin agogon mutane, yau ko bakin allura ba na gani. Na rufe shago. Ya ce in riƙa tafiyar ƙasa kullum kada zama ya cinye ni, ni kuwa yawo babu dalili aikin mahaukaci ne a wurina.

To, ɗan nan nawa ya samo mini dalili. Ya aiko mini da na'urar gano ƙarfe a ƙasa. Sanda ce mai faifai a ƙasanta, da abin ji da ake maƙalawa a kunne. Kana tafe kana lilo da faifan dama da hagu dab da ƙasa, kamar mai shara cikin lalaci. In ya bi ta kan baƙin ƙarfe sai ta yi gurnani, in tagulla ce ko azurfa sai ta yi siririn kuka. Kunnena dai bai tsufa ba, kin san da shi nake gane agogo marar lafiya. Sati biyu na yi ina binne ƙusa da tsabar kuɗi a tsakar gida ina tonowa don in koyi muryoyinta, har maiɗakina ta ce in na ƙara haƙa mata rami kusa da murhu, ni za ta binne.

Ga dukiyar da na tara zuwa yau: murafan kwalba arba'in da ɗaya, ƙusoshi babu adadi, da makulli guda wanda ban san ƙofarsa ba. Kowanne ina rubuta ranarsa da lokacinsa a littafi, kuma duk ramin da na haƙa sai na cike shi kafin in wuce.

Yanzu ga dalilin takardar. An rushe tsohon gidan Kaka, wani kamfani zai gina ɗakin ajiyar kaya a wurin. Katafila za ta shiga ƙarshen wata mai zuwa. Na nemi izini, mai gadi ya ce in riƙa zuwa sha biyun rana, sa'ad da masu awo suka tafi cin abinci, awa ɗaya tak. Baba ya fitar da mu daga gidan ina ɗan shekara biyar, ba na tuna tsarinsa. Ku kun fi mu daɗewa. Ki zana mini inda ɗakuna suke, ki ba Direba, mai kai mana saƙo, in zai juyo.

Naki, ubangidanki,
Mai Agogo

Daga Malama zuwa ga Mai Agogo

Bawana,

Na karɓi takardarka, na gode, na kuma gyara kurakurai bakwai da jan biro don sabo. Muna lafiya. Sanyin tudun nan ne dai yake taɓa mini gwiwa, ga jarrabawa ta matso, ga kwanon ɗakin karatu yana yoyo daidai kan teburina. Allah ya ba idanunka lafiya. Ka gaishe da mai haƙuri, matar da aka ba ta miji mai agogo ta wayi gari da ɓera.

Inna tana nan yadda ka san ta. Tun da ɓarin jikinta ya shanye shekara biyu ke nan ba ta ce uffan ba. Tana ci kaɗan, tana barci da yawa, in na tafi aji matar mai dafa wa ɗalibai abinci ke zama da ita. Na karanta mata gaisuwarka. Da na zo wajen tsohon gida sai ta juya fuska bango. Ban yi mamaki ba, ko da tana da baki ba ta son zancen gidan nan. In na tambaye ta sai ta ce, "Gida ai inda kake ne."

Ga zanen a bayan takarda, gwargwadon tunanin yarinya 'yar shekara biyar, don shekaruna ke nan da muka bar gidan. In ka shiga, ɗakin Kaka yana dama, na Kawu, wato babanka, yana hagu, namu shi ne na ƙurya mai kallon bayan gida. Can baya akwai bishiya, kuma an hana mu wasa a wurin. Ban san dalili ba. Na dai tuna ranar da na bi kaza har can, Inna ta fizgo ni da ƙarfin da sai da hannuna ya yi kwana uku yana ciwo, sannan ta zauna a ƙasa ta fi ni kuka.

In ka tono zinariya, ka tuna dukiyar bawa ta uwargijiyarsa ce.

Malama

Daga Mai Agogo zuwa ga Malama

Taubashiya,

Bayan gaisuwa da tambayar jikin Gwaggo, mu nan kalau. Zanenki ya yi aiki, harsashin ginin yana nan a fili, na gane kowane ɗaki. Zinariya dai babu. Amma na sami abin da ya tsaya mini a rai, bari in kwafo miki daga littafina.

Litinin, sha biyu da minti goma. Daidai dokin ƙofar ɗakinku na'ura ta yi siririn kuka. Na ratsa wurin ta tsaye da ta kwance don in gane tsakiya, na haƙa taƙi ɗaya da rabi. Cokali ne, ɗan ƙarami irin na ba yaro abinci, an naɗe shi da tsumma wanda ya zama ƙasa ina taɓa shi. Na ce a raina, kayan gida ne ya ɓace.

Talata, sha biyu da kwata. Taku huɗu daga na farko, wajen bayan gida. Wani cokalin, irinsa sak, zurfi ɗaya, naɗi ɗaya. A nan na lura da kwanciyarsa: kansa yana kallon ƙofar ɗakinku, kamar yatsa mai nuni.

Laraba, Alhamis, Juma'a, Asabar, kullum guda. Taku huɗu-huɗu, a layi miƙaƙƙe kamar an ja zare. Cokali ba ya ɓacewa a layi, Malama. Hannu ne ya shimfiɗa su.

Akwai kuma abin da ban rubuta a littafi ba. Ka'ida ita ce in ka cire abu ka sake bi da faifai kan ramin, in shiru ne to ka gama. Waɗannan ramukan ba sa yin shiru nan da nan. Sai kukan ya ci gaba kamar numfashi biyu ko uku, yana sirancewa, yana nisa, sannan ya ɗauke. Na duba batir, na duba waya, na gwada a wani wuri, lafiyarta ƙalau. Na ba mai gadi ya saurara. Ya cire abin jin daga kunnensa ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce, "Baba, ni gadin ƙofa aka ɗauke ni." Ya ce karensa ma ba ya ratsa layin nan, zagayawa yake yi.

Saura guda. Taku huɗu bayan na shida, gefen kututturen bishiyar da kika ce, akwai wani abu babba. Gurnaninsa har cikin haƙora nake ji, faɗinsa ya kai tabarma. Na sa dutse na yi alama. Batir ya ƙare, kuma bayana ya ce a huta, don haka sai sati mai zuwa. Ki gwada tambayar Gwaggo, ko da ido ne ta amsa.

Mai Agogo

Daga Malama zuwa ga Mai Agogo

Ɗan'uwa,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Ban ga amsarka ba tukuna, na san Direba yana hanya, amma ba zan iya riƙe wannan ba. Inna ta yi magana.

Litinin da ta wuce na dawo daga aji don in ba ta magani, rana tsaka, sai na tarar da ita a zaune. Ita da sai an tayar. Tana kallon ƙofa. Ta ce, da muryarta ta da, tsaf, "Wa ya ɗauke?" Na durƙusa ina kuka ina hamdala, na ce, "Inna, me aka ɗauke?" Ba ta ko dube ni ba. Can ta koma ta kwanta, shiru har washegari.

Talata haka, daidai lokacin. Wannan karon cewa ta yi, "Ku bari mata." Laraba na roƙi wata malama ta riƙe mini aji na zauna ina jira. Inuwa tana komawa ƙarƙashin bango sai ta tashi zaune kamar an kira ta, ta ce, "Uku." Alhamis ta ce huɗu. Ranar Asabar da ta ce shida, sai ta kama zanina da hannunta mai lafiya ta ce, "An kwashe mata hanya. Ta ina za ta zo?"

Na ce, "Wace ce, Inna?"

Ta ce, "Ki zuba abinci kwano biyu."

Yanzu kullum sai na ajiye kwano na biyu a bakin tabarma, in ba haka ba ba za ta buɗe baki ta ci nata ba. Ma'aikacin asibitinmu ya ce alamar sauƙi ce, ƙwaƙwalwa ce take farkawa tana tono tsofaffin abubuwa. Ina so in yarda. Amma shekara biyu ina roƙon Allah in sake jin muryar uwata, yau ga shi in sha biyu ta matso sai in riƙa fatan kada ta yi magana. Ko Kawu ya taɓa ba ka labarin wata da ta rasu a gidan?

Malama

Daga Malama zuwa ga Mai Agogo

Direba ya iso yanzu, yana jira, a kan motarsa nake rubutu da fensir. Doguwar takardata ba ta ko tafi ba, zan haɗa ta da wannan. Na karanta taka, na gwada ranakun, sun yi daidai ɗaya bayan ɗaya. Na karanta wa Inna. Ta riƙe ni ta faɗi magana ɗaya sau uku. Kar ka cire na bakwai. Bayani yana tafe.

Daga Mai Agogo zuwa ga Malama

Malama,

Gaisuwa. Muna lafiya a jiki. Ki zauna kafin ki karanta.

Takardunki biyu tare suka iso. Doguwar, maiɗakina ta karanta mini da safe kafin ta fita unguwa. Guntuwar tana naɗe a cikin ambulan, sai da ta fita na gan ta. Na sa gilashin aikina na karanta da kaina, fensir ne, ya goge, ga idanuna. Abin da na gani shi ne, "Kai ka cire na bakwai." Na ɗauka Gwaggo ce ta ce ni da hannuna, kada in sa bare. Don haka na ɗauki shebur da dagi, na ce wa mai gadi ya tsaya a ƙofa.

Ba cokali ba ne. Faranti ne na baƙin ƙarfe, tsatsa ta cinye gefensa. Na ɓanɓare shi da dagi na ja gefe. Ƙarƙashinsa rami ne zagayayye irin bakin rijiya, an cike shi da ƙasa amma ta lotsa har gwiwa. Rana tana dukan ƙeyata, iskar da ta taso daga ramin kuwa sanyi kamar na randa.

Da nan na tsaya da ya fi. Sai sabo ya sa na zura faifai. Siririn kuka, can ƙasa, da ƙyar nake jin sa. Na shiga ina haƙa ina gwadawa, yana ƙara fitowa. Awata ta cika, masu awo suka dawo suka tsaya a baki suna kallona, ba wanda ya ce in fito. Da ramin ya kai ƙirjina sai na gane kukan daga jikin bango yake, inda ƙasa ta zaizaye ta yi ɗan kogo. Na ajiye shebur na sa yatsu.

Munduwa ce ta azurfa mai 'yan ƙararrawa, wadda ko yatsuna uku ba za su shiga ba. Ba ita kaɗai ba ce, tana jikin ƙashin ƙafa. Yarinya ce ƙarama, a dunƙule, gwiwa a ƙirji.

Na tuɓe rigata na rufe ta. Shugaban masu awo ya kira 'yan sanda, suka zo da likita, aka kwashe ta cikin mutunci. Likitan ya ce ta haura shekara hamsin a wurin. Tana asibiti, sun ce dangi su zo su yi bayani a ba su.

Da na dawo gida babu riga, maiɗakina ta ɗauki guntuwar takardar ta kai bakin taga. Ta ce, "Malam, wannan ai kar ne, ba kai ba." Harafi ɗaya, Malama. Ki roƙa mini Gwaggo gafara. Ki kuma gaya mini wa na tono, don Baba har ya koma ga Allah bai taɓa ce mini komai ba.

Mai Agogo

Daga Mai Agogo zuwa ga Malama

'Yar'uwa,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarku da babbar murya, don yau sati biyar babu ko layi ɗaya daga gare ki. Sau biyu Direba yana zuwa hannu wofi. Ya ce yakan tarar da ƙofarku a rufe, a ce kina ciki ba kya ganin kowa. In fushi ne, na cancanta, amma ki zage ni a rubuce in san kuna raye.

Mu nan babu mai ciwo, sai dai gidan ba daidai yake ba. Cokulan nan shida na wanke su na sa a cikin gwangwanin da nake ajiye ƙananan ƙusoshin agogo, na ɗora a kan kabad. Kwana uku da tonon, maiɗakina tana shara bayan azahar ta tsinci ɗaya a dokin ƙofar ɗakinmu. Na mayar. Washegari biyu, ɗaya a ƙofa, ɗaya a tsakar gida. Ta ce ni ne nake yi ban sani ba, tunani ya yi mini yawa. Na ce mai yiwuwa. Na ba ta gwangwanin ta kulle a akwatinta, ta rataya makullin a wuya.

Jiya muna zaune a inuwa mu biyu, makullin yana wuyanta. Sha biyu da 'yan mintoci muka ji ƙaramin kaɗawa, cas, cas, cas, daga ɗaki zuwa ƙofar gida, irin tafiyar mai gajeren taku. Ba mu ga kowa ba. Kaji ma sun yi tsit. Da muka iya tashi, ga su nan shida a jere, daga ɗaki har bakin titi, taku huɗu-huɗu. Na tsaya a kan na ƙarshe na bi inda kansa yake nuni. Hanyar tasha ce, inda motar garinku take lodi.

Ba tsoro nake ji ba sosai, tausayi ne ya fi yawa. Ba nan take son zama ba. Ga cokulan nan na ɗaure a hankici na ba Direba, ki damƙa wa Gwaggo a hannu. Nata ne.

Mai Agogo

Daga Malama zuwa ga Mai Agogo

Ɗan'uwana,

Gaisuwa da ban haƙuri. Ba fushi ba ne. Inna ta rasu ranar Alhamis, an yi mata sutura a nan. Allah ya gafarta mata. Ni ina nan da sauƙi, maƙwabta suna tsaye a kaina.

Ranar da ka ɗaga farantin nan ta yi ƙara ɗaya ta faɗi, zazzaɓi ya rufe ta. Sati biyar ban rabu da gefenta ba. A tsakanin zazzaɓin ne ta ba ni labarin, guntu-guntu, ni na harhaɗa.

Ina da yaya. Kafin a haife ni Inna tana da 'ya, shekararta huɗu, tana kiranta Kurciya. A bayan gida akwai rijiyar da aka fara haƙawa aka ci karo da dutse aka bari. Kaka ya ce a cike ta kada yara su faɗa. Ranar da aka kawo ƙasa a amalanke, da rana tsaka, Kurciya ta zo wa Inna da cokalinta tana neman abinci. Tukunya ba ta nuna ba. Inna ta ce, "Je ki yi wasa, zan kira ki." Bayan azahar maza suka juye ƙasa a ramin, babanka yana cikinsu. Da abinci ya sauka aka kira, ba ta amsa ba. Aka bi gari, aka bi tasha, aka ce sace ta aka yi.

Bayan sati Inna ta fara jin ƙararrawar munduwa daga bayan gida, kullum da rana tsaka. Ta roƙi a tone. Kaka ya ce baƙin ciki ne ya taɓa ta. Ta ce ta ga fuskar Kawu a ranar, ta san shi ma ya yi tunanin, amma wa zai tone ramin da zai gaya masa abin da hannunsa ya yi? Bai ƙara wata a gidan ba ya kwashe ku. Ƙasar kuma ta yi ta lotsawa duk damina har aka rufe da ƙarfe. Inna kuwa duk shekara sai ta binne cokali, daga ramin zuwa ƙofarta, don 'yarta ta san an gama abinci.

Hanin da ta yi maka, cewa ta yi, "Kar a buɗe sai ina wurin, tana tsoron baƙi." Da na karanta mata takardarka ta neman gafara, sai ta ce, "Shi ne ya buɗe? To ba komai. Shi ba baƙo ba ne, tare suke wasa."

Direba ya iso Laraba da yamma. Bai ko zauna ba. Ya ce tun daga tasha wani abu yake kaɗawa a kujerar gefensa, ya tsaya sau uku yana duba mota. Alhamis da hantsi Inna ta sa na jera cokulan daga ƙofa zuwa tabarmarta, ta sa na zuba abinci mai zafi. Sha biyu ta gota kaɗan sai ta gyara zama, ta matsa gefe ta bar wuri. Ni ban ji komai ba, ban ga komai ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Fuskarta kawai na gani. Ta ce, "Kin daɗe. Zo, ya nuna." Ta kwantar da hannu a kan tabarma kamar mai shafa kai. La'asar ba ta same ta ba.

Sunan yanka na Kurciya yana bayan takardar nan, da babban baƙi, da biro. Ga kuma takardar shaida don asibiti. Ba zan iya tafiya yanzu ba. Kai ne babba a dangi, ka tsaya mata.

Malama

Daga Mai Agogo zuwa ga Malama

'Yar'uwata,

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya ba mu haƙuri, ya sa ta huta. Maiɗakina tana yi miki ta'aziyya, za mu taho tare da Direba in ya juyo. Gidanmu ya koma daidai tun ranar da saƙon ya tafi.

An ba mu Kurciya ranar Litinin, mun kai ta makwancinta da hantsi. Mutum tara ne, har da mai gadi da biyu daga cikin masu awo. Likkafaninta bai kai tsawon hannuna ba. Ni na shiga na karɓe ta.

Akwai abin da zan gaya miki, ban gaya wa kowa ba. Tun da aka karanta mini inda Gwaggo ta ce tare muke wasa, wani abu yake motsi a kaina na kasa kama shi. Sai da na durƙusa a cikin kabarin, ƙasa a gabana, ya zo mini gaba ɗaya.

Na tuna bangon ɗakin Kaka, da ɗuminsa a goshina. Na rufe ido da hannu biyu. Na ce, "In zo?" Wata murya ta ce, "Tukuna!" tana dariya, ƙararrawa tana nisa wajen bayan gida. Na sake cewa, "In zo?" Can ƙasa-ƙasa ta ce, "Zo!" Daidai nan uwata ta ƙwala mini kira, ta ce ga amalanke nan zai shigo, in kauce daga hanya in zo in ci abinci. Na ruga. Na ci, na ƙoshi, barci ya ɗauke ni. Da na farka gida ya cika da kuka, manya suna ta shiga da fita, ba wanda ya tambayi yaro ɗan shekara biyar, ni kuma ban san abin da na sani ba.

Wasan ɓuya muke yi, Malama. Ni ne mai nema. Ta sami maɓoya mai kyau ta zauna tana jirana.

Liman ya ga na daɗe, ya ce, "Malam, a fito haka." Na ce ina zuwa. Na gyara mata kwanciya, na sunkuya daidai kunnenta yadda ba wanda zai ji, na ce, "Na gan ki."

Sannan na miƙa hannu aka jawo ni.

Ɗan'uwanki,
Mai Agogo